Yadda Ake Kafa Lambu a Gida Lokacin Kulle, Daga Gwajin Iri Zuwa Tsinkar Farko

Ranar 11 ga Maris, 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, kuma kafin watan ya fita ƙasashe da dama sun kafa dokar kulle. A arewacin duniya abin ya zo daidai da janyewar hunturu, lokacin da ƙasa ke fara ɗumi, masu lambu ke fito da iri. Mutanen da ba su taɓa riƙe fartanya ba suka yi wa masu sayar da iri ca, har wasu kamfanonin suka dakatar da karɓar oda na ɗan lokaci.

Mai lambu a cikin kulle lokaci ya yi masa yawa, kayan aiki sun yi masa kaɗan. Ƙarancin kaya yana da sauƙin magani, domin rabin abin da ake nema yana kicin da kwandon shara. Yawan lokacin ne ya fi kashe shuka. Wanda ke zaune a gida yini guda zai shuka tun lokaci bai yi ba, ya yi ban ruwa sau uku a rana, ya tono iri don ya ga ko ya tsaga. Saboda haka a wurare da yawa a nan, matakin da ya dace shi ne ka janye hannu.

Fara da auna rana

Ware yini ɗaya, kada ka shuka komai. Daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma, duk awa ka leƙa tsakar gida ko baranda ko bakin taga, ka rubuta inda rana ke bugawa kai tsaye. Wurin da ya samu awa 6 zuwa 8 shi ne na masu 'ya'ya: tumatir, tattasai, kokwamba, wake, kabewa. Mai awa 4 zuwa 5 zai ɗauki karas da radish (wata 'yar saiwa mai ɗan yaji) da albasa. Wanda bai wuce awa 3 zuwa 4 ba, ka bar wa ganye, irin su latas da alayyafo da na'ana'a. Tumatir a inuwa zai yi tsawo da ganye, ya hana ka 'ya'ya, kuma babu takin da zai gyara wannan.

Ka tuna bishiyar da take tsirara a ƙarshen hunturu za ta yi toho cikin makonni, inuwarta ta rufe wurin da ka gani fayau. A arewacin duniya taga mai kallon kudu ta fi samun haske, a kudancin duniya kuwa mai kallon arewa.

Mazubi da ƙasa

Duk abin da zai riƙe ƙasa ya saki ruwa ya isa: tsohon bokiti, buhu, jarkar da aka yanke, gwangwani, robar madara. Banda wanda ya taɓa ɗaukar fenti ko man inji ko maganin ƙwari, ko an wanke shi. Da ƙusa mai zafi ka yi huji 5 zuwa 6 a gindin bokiti, kowanne faɗinsa kamar santimita 1, sannan ka ɗora shi a kan bulo biyu don ruwa ya samu hanya.

Girman mazubi ba abin wasa ba ne. Tumatir guda yana son lita 15 zuwa 20 shi kaɗai. Tattasai lita 10 zuwa 12. Latas da radish zurfin santimita 15 ya ishe su, karas kuwa sai 25 zuwa 30, in ba haka ba ya fito a gajarce ko a karkace. Masu zama a bene su lura cewa bokitin lita 20 cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa yana iya haura kilo 20. A jera su a jikin bango, kada a tara su a bakin baranda.

An saba cewa a zuba tsakuwa a gindin tukunya don ruwa ya tsane. Ka bar wannan. Ruwa ba ya tsallakawa daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa sai ƙasar ta cika maƙil, don haka tsakuwar ɗago jiƙaƙƙen sashen take yi zuwa kusa da saiwa, ta kuma cinye wuri. Yankin jarida ko tsumma a kan hujin ya isa ya tare ƙasa.

Idan kana da buhun ƙasar shuka ta sayarwa, shi ke nan. Ka buɗe shi a waje, ka yayyafa masa ruwa kafin ka juye, don ƙurarsa na iya ɗauke da ƙwayoyin cutar huhu, kuma lokacin annoba ba lokacin neman wani tari ba ne. Idan babu, kada ka ɗebo ƙasar tsakar gida zalla ka cika bokiti. A cikin mazubi tana danƙarewa, iska ta kasa shiga, saiwa ta shaƙe. Haɗa kashi ɗaya na ƙasa, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki ko ruɓaɓɓen ganye, kashi ɗaya na yashi mai kauri. Jiƙa haɗin, ka dunƙula a hannu. In ya dunƙulu amma ya marmashe da ka taɓa shi da yatsa, ya yi. In ya manne ya yi santsi, ƙara yashi da taki.

Wannan gwajin dunƙulen shi ne kuma zai gaya wa mai fili ko lokacin haƙa ya yi. Ƙasar da aka juya tana jiƙe sharkaf bayan hunturu takan bushe ta zama hoge masu tauri, a yi ta fama da su har ƙarshen shekara. Jira ta tsane. Faɗin fangali kada ya wuce mita 1.2, yadda hannu zai kai tsakiya ta kowane gefe ba tare da an taka ba. Ga sabon shiga, fangali ɗaya mai tsawon mita 2 ko bokiti 5 zuwa 6 sun isa. Kulle zai ƙare, aiki zai dawo, lambun da ya fi ƙarfin minti 20 a rana ciyawa ce za ta gaje shi.

Iri: na ajiya da na kicin

Tsohon iri ba lalle ya mutu ba. Idan an ajiye shi a wuri mai sanyi marar laima, irin albasa yakan yi shekara 1, na tattasai da masara 2, na wake da karas 3, na tumatir 4, na kokwamba har 5. Maimakon zato, gwada: ɗauki ƙwaya 10, ka jera a kan takardar goge hannu mai danshi, ka naɗe, ka sa a leda, ka ajiye a wuri mai ɗumi. Bayan kwana 7 zuwa 10 ka ƙirga waɗanda suka tsaga. Tattasai ka ba shi mako biyu. In 8 suka fito, shuka yadda aka saba. In 5 ne, ninka yawan irin. Ƙasa da 3, kada ka ɓata masa mazubi.

A kicin, busasshen wake da ba a dafa ba yakan tsira, haka ma hulba da ƙwayar koriyanda da ba a niƙa ba. Gindin albasa mai lawashi, in an bar masa santimita 3 da saiwarsa aka dasa, cikin mako guda zai yi sabon ganye. Tafarnuwar da ta fara tsiro a dasa ta zurfin santimita 5, tsinin yana sama. Wadda aka dasa a wannan lokaci sau da yawa ba ta yin babban kai, saboda tana bukatar ta sha sanyi tukuna, amma ganyenta abin amfani ne. Irin tattasai a ɗebo daga ja wanda ya nuna sarai, na kore bai ƙosa ba. Irin tumatir a matse shi da ruwansa a kofi, a bar shi kwana 2 zuwa 3 har ya yi kumfa, a wanke, a shanya a inuwa. Yauƙin da ke jikinsa ne ke danne tsiro, wannan jiƙon kuwa shi ke cire shi. Sai dai yawancin tumatir na kanti aure ne na iri biyu, abin da 'ya'yansa za su bayar ba lalle ya yi kama da uwar ba. Za a ci, amma kada a sa rai da kamanni.

Dankalin turawa da ya fito da ido a yanka shi gida-gida, kowane yanki da ido 1 ko 2, a bar shi kwana 2 yankan ya bushe, a binne zurfin santimita 10 a buhu ko bokiti. Duk lokacin da kara ya kai santimita 20 a ƙara ƙasa a rufe rabinsa. Dankalin da rana ta taɓa yakan zama kore, koren kuwa yana da guba, ba a ci. An fi so a shuka na kanti a mazubi, don in yana ɗauke da cuta kada ya bar ta a fangali.

Lokacin shuka

A nan ne sauri ke haifar nawa. Kwana uku na rana mai daɗi a watan Maris ba su nufin sanyi ya tafi. Abu biyu za ka sani: ranar da raɓa ta saba daskarewa ta ƙarshe a yankinka, wadda hukumomin hasashen yanayi ke wallafawa a intanet, da kuma ɗumin ƙasa. Soka ma'aunin zafi zurfin santimita 5 da safe, kwana uku a jere.

Latas, alayyafon ƙasashen sanyi, radish da koren waken turawa suna tsira tun ƙasa tana digiri 5 zuwa 7 a ma'aunin Salshiyas, kuma ɗan sanyi ba ya kashe su, don haka su ake fara shukawa a waje. Wake sai ƙasa ta kai 15 zuwa 16, in ba haka ba ya sha ruwa ya ruɓe a ƙasa. Tumatir ya fi son 21 zuwa 27, tattasai ya fi shi ma son ɗumi, kuma dare ɗaya na daskarewa ya isa ya gama da su. Su a cikin ɗaki ake renonsu: tumatir mako 6 zuwa 8 kafin waccan ranar ta ƙarshe, tattasai mako 8 zuwa 10, kokwamba da kabewa mako 3 zuwa 4 kacal. Wanda ya riga wannan lissafi zai wayi gari da dogayen tsirrai da suka cika mazubi, waje kuma bai yi ɗumin karɓarsu ba.

Reno a cikin ɗaki

Kofunan roba masu huji ko ƙananan gwangwanaye sun fi kwalin ƙwai, wanda ba shi da zurfi kuma yana saurin bushewa. Idan ƙasar haɗin gida ce, ana iya kashe cutar da ke cikinta: a jiƙa ta, a baza a faranti kaurin da bai wuce santimita 10 ba, a rufe, a sa a tanda har tsakiyarta ta kai digiri 82, a bar ta a haka minti 30. Kada ta wuce 90. Tana wari, a buɗe taga.

Jiƙa ƙasa kafin shuka, ba bayanta ba, don kada ruwa ya kwashe iri. Zurfin rami ninki 2 zuwa 3 na kaurin ƙwayar: tumatir rabin santimita, wake santimita 3. Latas yana son haske kafin ya tsira, a danna shi kawai a saman ƙasa. Ƙwaya 2 a kowane kofi, a rufe da leda, a rubuta suna da kwanan wata a jiki. Kowa yana zaton zai tuna, mako biyu kuma duk tsiro kamarsu ɗaya.

Ranar da kore ya leƙo, a ranar za a cire leda a kai shi haske. Daga nan matsala biyu ce ke jira.

Ta farko tsiro ya yi zuƙeƙe, siriri, fari-fari, yana karkata wajen taga. Ƙarancin haske ne haɗe da ɗumin ɗaki. Matsar da shi dab da gilashi, ka riƙa juya kofin kullum, ka jingina farin kwali a bayansa don ya maido haske. In da fitila mai farin haske wadda ba ta zafi, rataya ta santimita 5 zuwa 10 a samansa awa 14 zuwa 16 a rana, da dare a kashe.

Ta biyu ta fi ciwo: tsiro lafiyayye da yamma, da safe a same shi kwance, gindinsa ya tsuke ya yi ruwa-ruwa. Funfuna ce da ke zaune a ƙasa, wadda laima da sanyi da rashin iska ke tayarwa. Wanda ya faɗi ba ya tashi, a cire shi da ƙasar da ke kewaye da shi. Sauran a rage musu ruwa, a riƙa ba su ta ƙasa: a tsoma kofin a faranti mai ruwa minti 15, a ɗauke, a zubar da ragowar. A bar saman ƙasa ya ɗan bushe kafin a sake, a buɗe taga iska ta gilma. Ƙananan baƙaƙen ƙudajen da ke shawagi a kan kofuna ma shaidar yawan ruwa ce.

Idan duka ƙwayoyi biyu suka fito, yanke mai raunin da almakashi. Tugewa tana girgiza saiwar ɗan'uwansa. Ganye biyun farko na cikin iri ne, sai na gaskiya sun fito ake fara ba da takin ruwa, shi ma rabin ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalba, sau ɗaya a mako biyu.

Sabo da waje, sannan dashe

Tsiron ɗaki bai san iska ba, bai san rana tsagwaronta ba. In aka fitar da shi kai tsaye, ganyen ya ƙone ya yi fari cikin yini guda. Ba shi kwana 7 zuwa 10: ranar farko awa 1 zuwa 2 a inuwa inda iska ba ta kaɗawa, kullum a ƙara awa ɗaya ko biyu da ɗan rana, a kwanaki biyun ƙarshe ya kwana a waje muddin dare bai sauka ƙasa da digiri 10 ba. Wannan aikin kam kulle ya sauƙaƙa shi, tunda kana gida ka shigar ka fitar.

Yi dashe da yamma ko ranar da gari ya lumshe. Shayar da kofin awa ɗaya kafin nan, ka kife shi a tafin hannu, ka riƙe tsiron ta ganye, kada ta kara. Tumatir a tsinke ganyensa na ƙasa a binne kusan kashi biyu cikin uku na karan, domin duk inda ƙasa ta rufe saiwa zai fitar. Wannan ma shi ne maganin wanda ya yi zuƙeƙe. Sauran kuwa a dasa su daidai zurfin da suke a kofi. Tazarar tumatir santimita 50 zuwa 60, tattasai 40, latas 20 zuwa 25. Kafa sandar tumatir a ranar, kafa ta daga baya tana yanke saiwa. In hasashe ya nuna daren daskarewa bayan dashe, rufe su da tsohon zanen gado ko kifaffen bokiti tun kafin magariba, a buɗe da safe.

Ban ruwa

Soka yatsa har gaɓa ta biyu. In akwai danshi, ajiye butar. Fangali yana son kimanin lita 25 a kowane murabba'in mita a mako, har da abin da sama ta zubar, a raba shi biyu a ba shi ya ratsa. Yayyafin kullum saiwa yake tarawa a sama, rana ɗaya ta zafi ta langaɓar da shukar. Mazubi kuwa a zuba har ruwa ya fito ta gindi, kuma in zafi ya shigo zai iya neman kullum. A zuba a gindi da safe, ganye ya kwana a bushe.

Shukar da ruwa ya yi wa yawa ita ma yaushi take yi, saboda saiwarta ta ruɓe ta daina sha. Mai ita ya ga yaushi ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta. Ganyen ƙasa ya yi rawaya, ƙasa jiƙe, mazubi da nauyi: a dakata kwana uku, a duba ko huji ya toshe. Tumatir da gindin 'ya'yansa ke yin baƙi ya lotsa, sinadarin kalsiyam ne bai isa wurin ba, kuma galibi ban ruwa na yau-akwai-gobe-babu ne sanadi. Ɓawon ƙwai ba zai cece shi a wannan shekarar ba, yana daɗewa bai narke ba. Daidaita ruwa, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa kaurin santimita 5 a gindi bayan ƙasa ta yi ɗumi.

A lokacin annoba gida cike yake da ruwan goge-goge. Duk wanda aka sa wa bilic ko maganin kashe ƙwayoyin cuta, kada ya kusanci shuka. Ruwan wanke ganye da na dafa abin da ba a sa wa gishiri ko mai ba, in ya huce, ya halatta.

Taki daga sharar kicin

Girki sau uku a rana yana tara ɓawo. Samu bokiti mai murfi, ka huhhuda gefensa da gindinsa. Duk awo ɗaya na ɗanyen abu, irin su ɓawon kayan lambu da ganyen shayi da tukar kofi, a bi shi da awo 2 zuwa 3 na busasshe: yagaggen kwali, jarida, busasshen ganye. Laimarsa ta zama kamar ta tsumman da aka matse. A juya sau ɗaya a mako. In ya yi ɗoyi, ɗanyen ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, ƙara kwali. In ya zauna shiru ba ya canzawa, ya bushe, yayyafa ruwa. Nama, madara, mai, kashin kare da na kyanwa ba sa shiga. Ƙaramin bokiti ba ya ɗaukar zafi irin na babban tsibi, don haka ka ba shi wata 3 ko fiye. Ya nuna idan ya yi baƙi, yana ƙamshin ƙasa, ba a gane abin da aka zuba. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona saiwa, yana kuma ɗauke da cuta, kada a sa shi a gindin ganyen da za a ci ɗanye.

Ƙwari kuma ido ya fi magani. Ɗaga ganye kullum ka duba bayansa. Darɓa a wanke ta da feshin ruwa, in ta nace a haɗa ƙaramin cokali 1 zuwa 2 na sabulun ruwa marar turare a lita 1, a gwada a ganye ɗaya, a jira kwana biyu, in bai ƙone ba a fesa da yamma. Dodon koɗi da dare yake fitowa, a bi shi da tocila a tsince.

Lambu a cikin tsarin gida

Zaman kulle yana sa kwanaki su cakuɗe, ba a san Litinin daga Alhamis ba. Tsayar wa lambu lokaci ɗaya, minti 15 zuwa 20 da safe kafin a buɗe kwamfuta ko a zaunar da yara karatu, sauran yini a ƙyale shi. Mutum ɗaya ne zai riƙe ban ruwa. Gidan da kowa ke wucewa ya tsiyaya kofi ɗaya don tausayi, tsironsa ba ya kai mako uku. Yara a ba su manyan iri masu saurin fitowa, wake ko kabewa, kowa da kofinsa da sunansa, da aikin awo da rula da rubutawa a littafi. Littafin zai yi amfani baɗi fiye da yadda ake zato.

A lokacin annoba asibitoci a cike suke, don haka a guji raunin da za a iya kauce wa. Sa safar hannu, kada a bar manjagara haƙoranta na sama, mai ciwo a hannu ya rufe shi kafin ya taɓa ƙasa saboda cutar tetanus. Bokitin ruwa a rufe shi: ƙaramin yaro na iya nitsewa a ruwa kaɗan, sauro kuma yana ƙyanƙyashewa ya tashi cikin mako guda zuwa kwana 10. Bayan aiki a wanke hannu da sabulu daƙiƙa 20. Musayar iri da maƙwabta abu ne mai kyau in dokar wurin ta yarda. A ajiye a bakin ƙofa, a ja da baya mita 2. Cutar korona daga numfashin mutum take yaɗuwa, haɗarin yana wajen tsayawa hira, ba a jikin tsiron ba.

Radish yana isa ci a kwana 25 zuwa 30, in ya wuce haka ya yi ɓargo da yaji. Latas daga kwana 30 zuwa 40 ana iya fara tsinkar ganyen waje a bar zuciyar, kada a ɗebi fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda. Wake kwana 50 zuwa 60, tumatir 60 zuwa 80 bayan dashe. Kada a juye fakitin latas ko radish gaba ɗaya a rana ɗaya, a riƙa shuka ɗan layi duk mako biyu. Da zarar zafi ya kama, latas zai miƙe ya yi fure ya yi ɗaci, irinsa ma ba ya son tsira in ƙasa ta doshi digiri 30. A lokacin sai a tuge shi, a ƙara taki dintsi biyu a mazubin, a shuka wake a gurbinsa.